Hasashena na AMVCA: 5 cikin 8, kuma wanda na so ya ƙaryata ni shi ya tabbata

1/ Jiya Asabar, 10 ga Mayu 2025, aka yi bikin AMVCA karo na 11 a otal ɗin Eko da ke Legas. Tun kafin bikin na saki hasashena na rukuni 8 a nan. Guda 5 sun fito, 3 sun bi wata hanya. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo. 🧵

2/ Waɗanda suka fito:
✅ Fim ɗin harshen gida, Afirka ta Yamma: Lisabi
✅ Babban jarumi: Femi Adebayo
✅ Babbar jaruma: Chioma Chukwuka
✅ Mataimakiyar jaruma: Mercy Aigbe
✅ Kwalliya: Hakeem Onilogbo

3/ Waɗanda suka tafi wani gida:
❌ Gwarzon fim: na ce House of Ga'a, aka ba Freedom Way
❌ Darakta: na ce Bolanle Austen-Peters, aka ba Awam Amkpa
❌ Mataimakin jarumi: na ce Mr Macaroni, aka ba Gabriel Afolayan

4/ Masu cewa in zo in yi kuri da 5 ɗin nan, ku bari. Wallahi da za a yi mani musanye, in ba da huɗu a mayar mani da ɗaya, da na yarda. Na farkon nan, na harshen gida, shi na so ya ƙaryata ni. Na rubuta Lisabi da hannuna, zuciyata kuwa tana Daura.

5/ Bari in fara sallamar masu sauƙin. Femi Adebayo da Chioma Chukwuka duk daga Seven Doors suke, shi sarki, ita matar shi 'yar ƙabilar Ibo da sarauta ta jawo ma kishiyoyi. Duk wanda ya ga yadda matar nan take kuka ba tare da ta ɗaga murya ba, ya san babu mai ƙwace mata.

6/ Kwalliya kuwa ba hasashe ba ne, karatun allo ne. Hakeem ba yau ya fara ɗaukar wannan kambun ba. Tsage, tabo, jini, raunin yaƙi, duk ka rantse na gaske ne. Lisabi ya haɗa da kambun tsara wuri, ya tashi da 3. Seven Doors ma 3, da na kiɗa. An yi raba daidai.

7/ To, ukun da suka bi wata hanya fa? Ku lura da abu ɗaya: duk ukun rukunan alƙalai ne, ba na ƙuri'ar 'yan kallo ba. AMVCA ƙofa biyu gare ta. Wasu rukunan jama'a ke zaɓe ta intanet, wasu kuma kwamitin alƙalai ke zama ya yanke. Riƙe wannan, za mu dawo mashi.

8/ House of Ga'a ya yi tashe a Netflix, labarin Bashorun Ga'a na daular Oyo, ga kuɗi an zuba, ga taron jama'a. Freedom Way kuwa a bukukuwan fina-finai aka fi sanin shi, irin na Toronto a Satumban 2024. Alƙalai suka tsallake mai ƙara, suka ɗauki mai shiru.

9/ Kuma labarin nashi na kusa da mu ne fa. Matasa ne suka buɗe manhajar haɗa 'yan acaɓa da fasinja a Legas, sai dokar hana acaɓa ta faɗo, ga 'yan sanda a gefe. Blessing Uzzi ta rubuta, ta ɗauki kambun rubutu, ta haɗa da na gwarzon fim. Babu sarki, babu doki, babu takobi.

10/ Awam Amkpa kuwa The Man Died ya ba da umarni, wanda aka ɗauko daga littafin da Wole Soyinka ya rubuta kan zaman shi na kurkuku lokacin yaƙin basasa. Har yanzu ina ganin sarrafa taron da Bolanle ta yi ya fi wuya. Amma na gane abin da alƙalan suka gani, ba zan ce an yi cuta ba.

11/ Yanzu ga maganar da ta sa na buɗe zaren. Rukunin harshen gida na Afirka ta Yamma, fina-finai 5 ne: Seven Doors, Lisabi, Anikulapo: Rise of the Spectre, sai Kaka da Mai Martaba. Biyun ƙarshe duk na Prince Daniel ne, wanda aka fi sani da Aboki. Uku na Yarbanci, biyu namu.

12/ Ga wanda bai sani ba: Mai Martaba a Daura aka ɗauke shi, nan cikin jiharmu. Labarin rikicin gadon sarauta ne a wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Jallaba, sarki na son ɗiyar shi ta gaje shi. Adam A. Zango na ciki. Shi ne fim ɗin da Najeriya ta tura gasar Oscar a ƙarshen 2024.

13/ To mi ya sa na ce ba zai ci ba, alhali ina son shi? Dalili uku, kuma na faɗe su tun kafin jiya. Na farko, wannan rukunin na ƙuri'a ne. Ba a tambayar wane fim ya fi kyau. Ana tambayar wane fim ya fi yawan mutanen da suka gan shi, suka kuma damu har suka shiga suka danna.

14/ Na biyu, fina-finan Yarbancin nan uku duk suna Netflix. Anikulapo tun Maris 2024, Lisabi a Satumba, Seven Doors a Disamba. Mai waya a Ibadan, da na Landan, da na Houston, duk sun gani a ɗakinsu. Mai Martaba ta sinima ya fito. Sinima nawa gare mu daga Funtua zuwa Jibiya?

15/ Na uku, ƙuri'armu da ma ba yawa, ga ta ta rabu gida biyu. Za ka ce ai tasu ta rabu uku. Haka ne oga. Amma mai buhu uku in ya raba uku, ya fi mai tiya biyu da ya raba biyu. Lissafin ke nan, ba sai an je Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ba.

16/ Tun daren jiya nake ganin "an yi mana wariya", "da ma ba su son Arewa". Ni dai ina da tambaya ɗaya, kuma don Allah a amsa tsakani da Allah: a cikin masu wannan kukan, mutum nawa suka kalli Mai Martaba daga farko har ƙarshe? Mutum nawa suka jefa ƙuri'a ko guda?

17/ Ba gori nake ba. Ku je majalisar da kuka ga dama, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Sabuwar Unguwa, ku tambaya. Za ku samu wanda ya haddace Labarina kashi-kashi, ya san wa ya saki wa a Izzar So. Ku ce Mai Martaba, sai ya ce "wanne sarkin kake nufi?"

18/ Kuma ba laifin mutanen ba ne. Fim ɗin da aka ɗauka a Daura, ya ɗauki tutar ƙasa zuwa Amurka, amma ɗan Daura bai da wurin da zai biya kuɗi ya zauna ya gani cikin sauƙi. Gidajen kallonmu duk sun koma na ƙwallo. Wanda bai ga abu ba, da mi zai yi mashi kamfe?

19/ Amma fa masu ƙorafi suna da gaskiya ta wani ɓangare, kada a ce na rufe ido. A da Hausa na da rukuninta ita kaɗai a AMVCA. Daɗin Kowa ya ɗauka a 2016. Mansoor na Ali Nuhu a 2018. Tuntuɓe a 2020. Voiceless a 2022. Aisha na Abubakar Bashir Maishadda a 2023.

20/ A 2024 aka rushe rukunan Hausa, Yarbanci da Ibo, aka zuba su a kwando ɗaya da sauran harsunan Afirka ta Yamma. Daga nan zuwa 2025 sau biyu aka yi: Jagun Jagun ya ci a 2024, Lisabi a 2025. Duk Yarbanci, duk na yaƙi da tarihi, duk daga Netflix. Wannan ba sa'a ba ce, tsari ne ya haifar.

21/ Ra'ayina: in dai za a haɗa harsuna da yawa a rukuni ɗaya, bai kamata a bar shi ga ƙuri'a ba. Mutum harshen da yake ji zai zaɓa, da fim ɗin da ke cikin wayar shi. Ko a maida rukunin hannun alƙalai, ko a dawo ma kowane harshe da nashi. Wannan koken mai tushe ne, a kai shi a rubuce.

22/ Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Ko gobe aka dawo da rukunin Hausa, mu da mu za mu kara, a ba ɗayanmu, a yi hoto, a dawo gida. Yana da daɗi, ba na musu. Amma kokawa a tsakar gidanku ba ta nuna maka ƙarfinka. Sai ranar da ka shiga dandali.

23/ Ku dubi jerin manyan jarumai na bana, maza da mata. Babu ɗan Kannywood ko ɗaya. Wannan kuwa rukunin alƙalai ne, babu ruwan shi da yawan mabiya ko Netflix. Freedom Way ya nuna ana iya shiga ta wannan ƙofar ba tare da taron jama'a ba. To mu mi ya tsare mu a bakin ƙofa?

24/ Kada wani ya ce mani ba mu da 'yan wasa. Maryam Booth ta ɗauki kambun mataimakiyar jaruma a AMAA ta 2020 da The Milkmaid, fim ɗin da ya zama gwarzon shekarar a can. Yarinyar da muka sani tun tana ƙarama ce. Ba ita ta canza ba. Rubutu, kyamara da lokacin da aka ba aikin ne suka canza.

25/ Abin da ke kashe mu ƙanana ne da muka raina. Sauti: ana magana kana jin janareto da kukan akuya. Haske: dare da rana duk ɗaya. Fassarar Turancin ƙasan allo: wadda ake ɗauka a yi ta yawo da ita ana dariya. Alƙalin da ba ya jin Hausa, wannan fassarar ita ce fim ɗin a wurin shi.

26/ Ga kuma gaggawa. Kasuwarmu ta koma YouTube, kowane mako sai an saki kashi, in ba haka ba 'yan kallo su watse. Ba na zargin kowa, abinci ake nema. Lawan Ahmad, ɗan Bakori, ya nuna ana iya riƙe jama'a shekara da shekaru ta wannan hanya. Amma girkin kullum daban, na biki daban.

27/ Wani abin da ya kamata ya tashe mu: dokar Oscar ta ce fim ɗin ƙasashen waje dole fiye da rabin maganar shi ta kasance ba Turanci ba. Da ita aka fitar da Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019. Bayan nan Najeriya ta tura The Milkmaid a 2020, Mami Wata a 2023, Mai Martaba a 2024.

28/ Ku ƙirga. A cikin ukun nan, biyu Hausa ce ke ɗauke da su. Harshen da wasu yaranmu ke jin kunyar yi a gaban baƙi, shi ne tikitin ƙasar nan zuwa babban dandali. Abin da wasu ke nema da fitila, mu da shi aka haife mu. Saura wankan da ake ƙara ma kyau.

29/ A Oscar ɗin ma hasashena bai canza ba: na ce shiga jerin 15 zai yi wuya, aka fitar da jerin a Disamba babu mu. Dahomey na Mati Diop daga Senegal ya shiga, kuma tun Fabrairun 2024 ya ci babban kambun bikin Berlin. A Maris I'm Still Here na Brazil ya ɗauke kambun.

30/ Darasin ɗaya ne da na jiya. Dahomey ya yi kusan shekara yana zagaya bukukuwa, masu zaɓe suna gani, jaridu suna rubutawa. Kafin a zo zaɓe an san shi. Mu sai sunan ya fito muke tashi da "a taya mu da addu'a". Addu'a dole ce, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

31/ Akwai kuma maganar labari. Lisabi mutum ne na gaske, gwarzon Egbawa da ya jagoranci tawaye ga daular Oyo a ƙarni na 18. Ga'a ma na gaske ne. Duk Ba'egbe da ya danna ƙuri'a, ba fim kaɗai ya zaɓa ba, kakan shi ya zaɓa. Wannan ƙarfi ne da talla ba ta saye.

32/ Mu kuma sai mu ƙago ƙasa, mu ƙago sarki. Na san dalili: kowa na tsoron ya taɓa tarihin gidan sarauta a ce ya yi rashin ladabi, ko zuriya ta tashi. Tsoron yana da hujja. Amma ana iya zuwa fada da girmamawa, a zauna da masana tarihi, a nemi izini, a yi aiki mai tsabta.

33/ Katsina kaɗai ta isa ta ciyar da masana'anta shekara goma. Daurama da rijiyar Kusugu. Kokawar Korau da Sanau. Hasumiyar Gobarau da malaman da suka zauna garin nan, su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Kusheyin Durɓi. Kowanne fim ne cikakke, yana zaune yana jiran mai ɗauka.

34/ Ka ɗauki hijirar sarakunan Haɓe bayan jihadi, yadda suka bar birnin nan suka je suka kafa Maraɗi. Dangi ɗaya, gari biyu, yau ƙasa biyu. Yi wannan fim ɗin da kyau ka ga ko ƙuri'a ba za ta zo daga Maraɗi da Tasawa ba. Rukunin ai na Afirka ta Yamma ne, ba na Najeriya kaɗai ba.

35/ Wannan shi ya fi ba ni takaici. In ana maganar yawan masu jin harshe a Afirka ta Yamma, Hausa ba ta bayan kowa. Nijar, Gana, Kamaru, Cadi, har Sudan da Saudiyya ana kallon fina-finanmu. A gasar ƙuri'a mu ya kamata a ji tsoro. Yawan ne ba mu taɓa haɗa shi wuri ɗaya ba.

36/ Kada in rufe ba tare da abin farin ciki ba. An karrama Alhaji Sani Mu'azu da kambun girmamawa na hidimar masana'anta, tare da Nkem Owoh. Wannan ba ya cikin hasashen kowa, kuma shi ne lokacin da na fi jin daɗi a daren. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

37/ Yara sun san shi da Bawa Maikada a Kwana Casa'in. Manya sun san shi tun daga Jos, sun san ya shugabanci MOPPAN. Kuma abin sha'awa, shi da Nkem Owoh duk sun fito a Lionheart ɗin da na ambata. Mutumin ya yi aiki Kudu da Arewa shekaru, bai jira an ware mashi rukuni ba.

38/ To mi za a yi? Nawa ra'ayin, a taƙaice. Furodusoshi: ko fim ɗaya a shekara, a ware shi, a ba shi lokaci, a biya mai sauti da mai fassara kuɗin kirki. Kuma tun ranar da aka fara ɗauka a san inda ɗan Katsina zai gan shi, ba sai an gama ba a fara neman hanya.

39/ Masu hali na garin nan: kuna gina wuraren biki kowane lungu. Mutum ɗaya ya gwada ɗakin kallo mai tsabta, mai tsari, ɓangaren iyali daban, a tashi kafin dare ya yi. Kafin nan ma, ɗakunan taron makarantunmu suna nan. Majigi da farin ƙyalle sun isa a nuna Mai Martaba a Daura da Katsina.

40/ Hukumomi: Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun Janairun 2024, kuma ya san ciwon daga ciki. Ga bikin Zuma a Abuja, ga KILAF a Kano na fina-finan harsunan gida. Gwamnatin jiha ta riƙa tura matasanmu can su koyi sauti da haske, ba rakiyar 'yan siyasa kaɗai ba.

41/ Mu 'yan kallo: in an buɗe zaɓe, a shiga a yi. Mintin da muke ɓatawa muna faɗa kan wace jaruma ta fi wata tsadar leshi ya isa. Kuma a daina jiran wani ya turo fim a Telegram kyauta. Wanda ka sace ma fim yau, da wane kuɗi zai yi maka wanda zai kara da Lisabi gobe?

42/ Ga Prince Daniel da duk waɗanda suka sha ranar Daura: sannunku da aiki. Fim biyu cikin biyar a rukuni ɗaya, da tutar ƙasa a Oscar, ba ƙaramin abu ba ne. Kambu bai zo ba, amma an ga ana iyawa. Ga su Lateef Adedimeji kuma, barka, kun yi aiki kun kuma tara jama'arku.

43/ Hasashena na baɗi, ku adana shi ku zo ku tuhume ni: in rukunin nan ya zauna na ƙuri'a, kuma fim ɗinmu bai shiga wayoyin mutane wata uku kafin zaɓe ba, Yarbanci zai sake ɗauka karo na uku. Ina roƙon Allah wani furodusa ya karanta wannan ya ji haushi ya kunyata ni.

44/ Ku kuma nawa kuka ci a naku hasashen? A ajiye a ƙasa, ban da ƙarin gishiri, ina da hoton abin da wasunku suka rubuta makon jiya 😂 Wanda kuma ya kalli Mai Martaba, ya faɗa mana a ina ya gani, don wasu su samu hanya.